Yadi 47 da daƙiƙa 8: yadda aka ɗora wa Scott Norwood nauyin wasa guda

Daren Lahadi 27 ga Janairu, 1991, a filin wasa na Tampa da ke jihar Florida, saura daƙiƙa 8 a tashi wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wato Super Bowl karo na 25. New York Giants na da maki 20, Buffalo Bills na da 19. Mutum 73,813 ne a filin, kuma an tsaurara tsaro fiye da yadda aka saba, domin kwana goma ke nan da fara yaƙin Tekun Fasha. Wani mai lamba 11 a rigarsa ya fito daga gefen fili da sassarfa. Shekararsa 30, sunansa Scott Norwood, kuma aikinsa ɗaya ne a ƙungiyar Bills: buga ƙwallo ta wuce tsakanin ƙarafa biyu. Ya buga, ƙwallo ta tashi da ƙarfi, ta kai nisan da ake buƙata har da rara, amma ta bi ta gefen ƙarfen dama ta waje. Mai sharhin talabijin Al Michaels ya ce ba ta shiga ba, ta kauce dama. Kalmomi biyun da ya faɗa da Turanci, Wide Right, su ne suka zama sunan wasan baki ɗaya, kuma suka manne wa Norwood har yau.

Abin da nake son in bi diddigi a nan shi ne ko wannan bugun ya cancanci ɗaukar nauyin da aka ɗora masa. Kafin nan sai an fahimci sana'ar kanta, domin ba ta da makamanciya a ƙwallon ƙafar da muka sani.

Wasan Amurka wasan hannu ne da ƙirji. Ƙungiya na da yunƙuri huɗu don ta ci yadi 10, in ta ci a sake ba ta huɗu, har ta shiga da ƙwallo gidan abokiyar karawarta ta samu maki 6, sannan mai bugu ya nemi ƙarin maki 1. Idan tafiya ta cije kafin a kai gida, sai a kira mai bugu ya nemo maki 3. Ƙarafan da yake nufa suna can ƙarshen fili, tazarar da ke tsakaninsu ƙafa 18 da inci 6, wato kimanin mita biyar da rabi, sun fi ragar ƙwallon ƙafa matsi, kuma dole ƙwallo ta haura sandar da ke kwance a tsayin ƙafa 10. Ba mai tsaron gida, amma akwai ƙarti goma sha ɗaya da ke rugowa da hannuwa a sama. Mutum uku ne ke yin aikin: ɗaya ya wurgo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa zuwa baya, na biyu da ke durƙushe ya cafe ya kafa ta a tsaye ya dafe da yatsa, na uku ya zo ya buga. Duka wannan bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Mai bugu kan yini a gefen fili yana dukan ƙwallo cikin wata 'yar raga don kada ƙafarsa ta yi sanyi, wataƙila sau biyar ko shida za a kira shi a wasan da ya ɗauki awa uku. Rigarsa takan koma gida fes, shi ya sa sauran 'yan wasa da yawa ba sa ɗaukarsa cikakken ɗan'uwa sai ranar da suka matsu.

Wani abin sha'awa, salon bugun da Norwood ya yi a daren, na zuwa daga gefe a daki ƙwallo da saman ƙafa kamar ɗan ƙwallon ƙafa, ƙungiyar Bills ce ta fara kawo shi wasan ƙwararru. A 1964 ta ɗauki Pete Gogolak, haifaffen Hangari, lokacin kowa da tsinin takalmi yake tokarar ƙwallo daga gaba. Bayan shekara biyu Gogolak ya koma Giants. Ƙungiyoyin nan biyu dai.

Kafin daren

An haifi Norwood a Alexandria ta jihar Virginia ranar 17 ga Yuli, 1960. Da ƙwallon ƙafa ya taso, daga baya ya koma bugun ƙwallon Amurka, ya yi wa Jami'ar James Madison wasa. Da ya gama, ba ƙungiyar da ta zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1982. Ya gwada sa'arsa a Atlanta Falcons aka sallame shi. Ya tafi Birmingham Stallions a wata sabuwar gasa mai suna USFL wadda ba ta yi tsawon rai ba, ya yi kaka biyu a can. A 1985 ya samu gurbi a Buffalo, ƙungiyar da a shekarar ta ci wasa 2 ta sha kashi 14. Ma'ana ya riga nasara zuwa garin. Yana nan aka kawo Jim Kelly mai jefa ƙwallo da koci Marv Levy a 1986, yana nan aka kawo Thurman Thomas mai gudu da ƙwallo a 1988.

Kakar 1988 ita ce ganiyarsa. Ya buga na maki uku sau 37, 32 sun shiga, ya fi kowa yawan maki a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wasan, da 129, aka sa shi cikin zaɓaɓɓun shekara. A watan Nuwamba na shekarar, Bills ta doke New York Jets 9 da 6 bayan ƙarin lokaci ta lashe rukuninta, kuma duk maki taran daga ƙafarsa suka fito. Magoya baya suka kwararo cikin fili suka tumɓuke ƙarafan don murna. Kafin ya bar ƙungiyar ya wuce tsohon ɗan wasanta O. J. Simpson ya zama wanda ya fi kowa ci mata maki a tarihinta zuwa lokacin.

Sai dai kowa a sana'ar ya san iyakarsa. Norwood mai saiti ne, ba mai dogon zango ba. A kakar 1990 ya ci 20 cikin 29, kuma mafi nisan da ya ci a kakar yadi 48 ne. Filin gidansu a Orchard Park a lokacin ciyawar roba ce aka shimfiɗa, ƙafar dogaro ba ta zamewa a kanta, ƙwallo na zama daram. A kan ciyawa ta gaske kuwa, daga yadi 40 zuwa sama, sau biyar ya taɓa gwada wa Bills, ɗaya ya ci. Filin Tampa ciyawa ce ta gaske. Wannan lissafi ba bayan wasa aka tono shi don a wanke mutum ba, yana hannun masu horarwa tun kafin a busa usur.

Minti 59 da ba a yawan tunawa

Bills ta zo Tampa tana tashen ƙarfi. Ita ta fi kowa cin maki a kakar, 428, da salon da ba a tsayawa shawara tsakanin yunƙuri da yunƙuri, Kelly na kiran wasa a tsaye, abokan karawa ba sa samun sararin numfashi balle canza 'yan wasa. A wasannin share fage ta zura wa Miami 44, ta yi wa Los Angeles Raiders cin kaca 51 da 3. Giants kuwa ta rasa babban mai jefa ƙwallonta Phil Simms tun watan Disamba, a wani wasa da ita Bills ɗin ta ci 17 da 13, don haka mataimakinsa Jeff Hostetler ne ya ja ragama. Masu hasashe Buffalo suka ba nasara da ratar kusan maki 7.

Kocin Giants Bill Parcells da mai tsara masa tsaron gida, wani matashi mai suna Bill Belichick, sun yi wani lissafi mai sauƙin faɗa: Kelly ba zai ci maki ba matuƙar yana zaune a benci. Saboda haka in ƙwallo na hannun Giants, a tafi a hankali, a ba Ottis Anderson ya yi ta kutsawa yadi huɗu, yadi biyar, agogo na ci. In ƙwallo ta koma hannun Bills, a rage masu tare gaba, a cika baya da masu tare jifa, duk wanda ya cafe ƙwallo a make shi har ya ji a jikinsa, Thomas kuma a bar shi ya yi gudunsa. Takardar wannan tsari tana ajiye yau a gidan tarihin wasan da ke Canton, jihar Ohio.

Da farko kamar ba zai yi aiki ba. Norwood ya ci bugun yadi 23 aka yi kunnen doki 3 da 3, Bills ta shiga gida ta koma 10, sannan ɗan wasanta Bruce Smith ya danne Hostetler a cikin gidansu aka ƙara mata maki 2. Sha biyu da uku. A nan ne, a ganina, Buffalo ta saki wasan. Tana da damar ƙara rata ta kasa, jifa ya riƙa suɓucewa daga hannun masu cafewa, kuma daf da hutun rabin lokaci Hostetler ya jefa wa Stephen Baker ƙwallo a gida, aka tafi hutu 12 da 10.

Da aka dawo, Giants ta riƙe ƙwallo minti 9 da daƙiƙa 29 a tafiya guda. A tsakiyar tafiyar an kai yunƙuri na uku tana bukatar yadi 13, wanda galibi nan ake miƙa ƙwallo. Hostetler ya jefa wa Mark Ingram gajere, nesa da inda ake son kaiwa. Ɗan Bills na farko ya zo ya rungumi iska. Ingram ya juya, na biyu ya zame, ya sake murɗewa, wani ya kama shi a ƙafa ɗaya, ya yi tsalle da ɗayar ya faɗa gaba da ƙwallo a miƙe. Yadi 14. Da ɗaya daga cikin waɗannan ƙartin ya riƙe shi, da tafiyar ta mutu a nan. Ba ta mutu ba, Anderson ya ƙarasa ta a gida, Giants ta wuce gaba 17 da 12.

Thomas ya rama da gudun yadi 31 a farkon zangon ƙarshe, 19 da 17. Giants ta sake jan doguwar tafiya, Matt Bahr ya ci bugun yadi 21, 20 da 19. Da aka tashi, lissafi ya nuna Giants ta riƙe ƙwallo minti 40 da daƙiƙa 33 cikin minti 60. Ƙungiyar da ta fi kowa iya cin maki minti 19 da ɗoriya kawai ta taɓa ƙwallo, kuma cikin yunƙurin uku-uku guda takwas da ta fuskanta, ɗaya ta tsallake. Thomas shi kaɗai ya ci yadi 135 da ƙafa a ɗauka 15 kacal, wato yadi tara duk ɗauka. Mutum ba zai rasa tambayar me ya hana a ba shi ƙwallo sau 25 ba.

Saura minti 2 da daƙiƙa 16 Bills ta karɓi ƙwallo a yadi 10 na ɓangarenta. Kelly ya ruga da kansa, Thomas ya ɓalle yadi 22, daga baya ya ƙara 11 aka kai layin yadi 29 na Giants, wato bugun yadi 47 ke nan in an haɗa da zurfin gida da tazarar da ake wurgo ƙwallo baya. Ba sauran damar tsayar da agogo, sai Kelly ya doka ƙwallo a ƙasa. Daƙiƙa 8. Da a ce an yi tanadin daƙiƙa ashirin a wani wuri cikin wannan tafiya, da an ƙara yunƙuri ɗaya ko biyu, a matso yadi biyar ko takwas, bugun ya shigo cikin zangon da mutumin ya saba.

Bugun

Parcells ya nemi a tsayar da wasa, dabarar da ake yi don a bar mai bugu ya tsaya da tunaninsa. Aka dawo. Adam Lingner ya wurgo, Frank Reich ya cafe ya kafa, daga layin dama na tsakiyar fili. Mai ƙafar dama da ke zuwa daga gefe, ƙwallonsa takan lanƙwasa daga dama zuwa hagu a iska, don haka yakan ɗan nufi dama ya bar ta ta dawo da kanta. Norwood ya san nisan ya kai bakin iyakarsa, ya sa ƙarfi. Ƙwallo ta tashi a miƙe ta ƙi dawowa. A gefen fili 'yan Bills na tsaye riƙe da hannun juna, Levy a tsakiyarsu. Hostetler ya durƙusa da ƙwallo daƙiƙa huɗun da suka rage suka ƙare. Har yau shi ne Super Bowl ɗaya tilo da aka raba da maki ɗaya.

Wanda ya kalli fenaritin Asamoah Gyan a kan Uruguay a 2010 ya san irin shirun da ke biyo baya. Amma akwai bambanci. Fenariti abu ne da ake sa ran ci, shi ya sa ɓarar da shi ke da ciwo. Bugun yadi 47 a kan ciyawa, a 1991, daga ƙafar da ta ci ɗaya cikin biyar a irin wannan hali, caca ce. Yanzu masu bugu sun ƙara ƙarfi ƙwarai, ana cin yadi 55 ba a ko tafa musu sosai, shi ya sa matasan da ke kallon hoton a yau suke ganin kamar abu mai sauƙi ya ɓarar.

Akwai kuma wani abin da ya keɓanta da shi. Jim O'Brien ya ci wa Baltimore Colts kofin da bugun yadi 32 a 1971, Adam Vinatieri ya ci wa New England Patriots da yadi 48 a 2002, Belichick ɗin nan ne ma kocinsa. Dukansu biyu ana kunnen doki suka buga, in sun kuskure akwai ƙarin lokaci. Vinatieri kuma a rufaffen fili ya buga, kan ciyawar roba, ba iska. Norwood ba shi da wannan katifar, ƙungiyarsa na baya, ko a ci ko a tafi gida. Mako guda kafin nan Bahr ya shiga irin wannan hali a San Francisco, ya ci yadi 42 agogo na mutuwa, Giants ta fitar da ƙungiyar garin, 49ers, 15 da 13. Yadi biyar ne tsakanin bugunsa da na Norwood.

Ba na cewa Norwood ba shi da kaso. Don wannan bugun ake biyansa, kuma shi da kansa bai taɓa neman mafaka ba. Abin da nake ƙi shi ne a maida daƙiƙa takwas su haɗiye minti hamsin da tara. Kuskuren mai tare Ingram ya narke cikin hayaniyar jikuna ashirin da biyu, sai mai nazari ya mayar da hoto baya zai gane waye. Kuskuren mai bugu kuwa a fili yake, shi kaɗai a tsaye, kyamara a fuskarsa, kuma ba wani wasa bayansa da zai rufe shi.

'Yan wasan sun san haka. Levy ya sha ba da labarin yadda suka riƙa zuwa wurin Norwood ɗaya bayan ɗaya a ɗakin canza kaya, wannan ya ce da na riƙe mutumin can da ba a kai ga haka ba, wancan ya ce da na cafe jifan nan da tuni an gama. Shi kuma ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa tambaya ɗaya da aka yi ta maimaita masa ta fuska daban-daban, har kocin masu bugu Bruce DeHaven ya nemi janye shi ya ƙi. DeHaven ya sa wa ɗansa sunan Scott daga baya.

Gari ya yafe, sana'a ba ta yafe ba

Washegari dubban mutane suka cika dandalin Niagara, gaban ofishin magajin garin Buffalo, cikin sanyin Janairu, don tarbar ƙungiyar da ta sha kashi. Norwood ya laɓe a bayan sauran. Taron ya fara kiran sunansa, suna cewa Scott suke so, ba su daina ba sai da ya fito gaban lasifika. Murya na rawa ya ce musu bai taɓa jin ana ƙaunarsa kamar wannan lokacin ba. Buffalo gari ne na ma'aikatan ƙarfe da ya ga masana'antunsa na rufewa ɗaya bayan ɗaya, wataƙila shi ya sa mutanensa suka san yadda ake tarbar wanda ya dawo hannu rabbana.

Ya dawo kakar 1991, kuma ba ta yi masa daɗi ba: 18 cikin 29. A Disamba, a gidan Raiders, ya ɓarar da bugun maki uku har sau uku da na ƙarin maki ɗaya, sannan ya ci na ƙarshe a ƙarin lokaci aka tashi 30 da 27. A wasan da zai kai su Super Bowl na biyu, da Denver Broncos ranar 12 ga Janairu, 1992, ya ci bugun yadi 44 a zangon ƙarshe, aka tashi 10 da 7. Maki ukun nan su ne ratar. Ba wanda ya raɗa wa wannan bugun suna.

Washington ta doke su 37 da 24 a wasan ƙarshe. Bayan kakar, Bills ta ɗauko Steve Christie daga Tampa Bay, matashi mai doguwar ƙafa, ta sallami Norwood. Ba ƙungiyar da ta sake sa shi a wasa. Ya tashi da 133 cikin 184 da maki 670. A lissafin ofis shawarar ba ta da aibi, domin alƙaluman shekara biyun ƙarshe sun nuna ƙafar na ja da baya, kuma gurbin mai bugu ɗaya ne tak a kowace ƙungiya, ba benci da za a ajiye mutum ya farfaɗo. Amma canza mai bugu bai kawo kofi ba. Dallas ta lallasa su 52 da 17, ta sake 30 da 13. Super Bowl huɗu a jere, abin da ba wata ƙungiya da ta taɓa yi, kuma duka huɗun an sha kashi. A ukun da suka biyo bayan na Tampa ba a kai ga bugun ƙarshe da zai raba gardama ba ma, da rata mai yawa aka doke su. Wannan ya ƙara wa bugun Tampa nauyi a zukatan mutane, domin shi ne kaɗai lokacin da kofin ya zo kusa har ana jin ƙamshinsa.

Norwood ya koma Virginia, ya yi aikin inshora, ya yi dillancin gidaje, ya ɗauki shekaru yana nesa da 'yan jarida. A 2011 Bills ta gayyato shi fili ta ba shi lambar yabo mai ɗauke da sunan mai ƙungiyar na lokacin, Ralph Wilson, jama'a suka tarbe shi da tafi.

Ranar 21 ga Janairu, 2024, a Orchard Park, Kansas City Chiefs na gaba 27 da 24, saura ƙasa da minti biyu, mai bugun Bills Tyler Bass ya fito neman kunnen doki daga yadi 44. Ƙwallo ta kauce dama. Zagi da barazana suka yi masa yawa a intanet har ya rufe shafukansa na sada zumunta. Cikin 'yan kwanaki wasu magoya bayan suka gano yana tallafa wa wani gidan kula da kyanwoyi a yankin Buffalo, suka yi ta tura wa gidan gudummawa da sunansa, da yawa dala 22 kowanne, saboda lamba 2 ce a rigarsa.